Jan Turke

Duk wanda ya ƙirƙiro ramin yashi a filin golf, ba shi ke gyara shi ba, wannan kam ko shakka babu. A haƙa rami da gangan a tsakiyar lafiyayyar ciyawa, a cika shi da farin yashi, don kawai ƙwallon masu wasa ta faɗa ciki su yi ta tsaki suna dukan ƙasa da sanda. In sun gama tsakinsu su haye su yi gaba abinsu, su bar wa wani sawun takalma ya share. Wanin nan kuwa, yau shekara talatin da ɗaya, shi ne dattijon da kowa a filin ke kira Baba Manjagara, saboda ba a taɓa ganinsa babu manjagara a kafaɗa ba.

Bana sai aka ce ramukan sun tsufa, a tayar da su a sake. Su arba'in da biyu ne cur. Kowanne sai an kwashe tsohon yashinsa da ya cakuɗe da laka, a tona 'yar kwata a ƙasansa, a kwantar da bututu mai huji-huji wanda zai janye ruwan sama, a rufe shi da tsakuwa, a shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri kamar bargo, sannan a turo sabon yashi baro-baro. Baro kuwa dole, domin an hana tifa taka ciyawa. Ciyawar wurin nan ta fi ma'aikatanta gata: ana ba ta ruwa a kan lokaci, ana yi mata aski kullum, in ta ɗan yi ja har masani ake kira ya duba ta. Wata huɗu suka yi suna wannan haƙilo, su tara, daga fitowar rana har faɗuwarta.

Shi kuwa gadon bayan Baba Manjagara ya daɗe da ajiye aiki, mai bayan ne dai bai ajiye ba. Da safe sai ya mirgina gefe, ya dafa bango, ya miƙe kaɗan-kaɗan yana cije leɓe don kada matarsa ta ji. Likita ya ɗaga hoton ƙashin bayan a gaban fitila, ya nuna masa da bakin biro, ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. In ka ci gaba da shebur da baro, nan da shekara biyu sai dai a tura ka a keke." Ya ce to. Me zai ce? Shebur ɗin ne ke ciyar da gidan, ga 'yarsa ta ƙarshe ba ta gama makaranta ba.

Ana cikin haka sai direban motar aske ciyawa ya bar aiki. 'Yar ƙaramar mota ce, mai kujera da katifa da rumfa a sama. Mutum ya zauna ya riƙe sitiyari, ita ta sha wahalar. Kowa ya sa mata ido, musamman Dogo, wanda ke da lasisi kuma bai kai arba'in ba. 'Yan kwamitin kulob ma Dogon suke so. Manaja ne ya tsaya wa Baba kai da fata.

"Na ce musu su buɗe fayil ɗinka," in ji shi, ranar da ya kira Baba ofis. "Shekara talatin da ɗaya, ko takardar gargaɗi ɗaya babu. Da wannan na rufe musu baki, ba ni da wata hujja. A gama ramukan nan lafiya, a yi gasar ran Asabar, Litinin ka zo ka karɓi makulli."

Tun daga ranar, in Baba ya wuce ta rumfar injuna sai ya saci kallon kujerar nan, ya yi sauri ya kau da kai don kada a gan shi.

Ramin da aka gama a ƙarshe shi ne na gaban barandar kulob, inda manya ke zama su sha lemo suna kallon wasa. Babba ne, mai zurfi, bangonsa na gaba a tsaye ya kai ƙirjin mutum, don wanda ya zana shi ya ce haka ake yayi yanzu. Awon gangarar bututu kuwa, a wannan ramin da sauran duka, aikin Auta ne, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Auta dai sunan ne bai girma ba, amma mai shi ya ba hamsin baya, ga furfura, ga 'ya'ya biyar. Baba ne ya kawo shi aikin. In dai igiya ce da ma'auni, hannunsa ba dama, sai dai bakinsa ba linzami. Sau biyu ana ba shi takarda a kan mayar da magana.

Ran Talata, saura kwana huɗu gasa, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita, Manaja ya ɗauki Injiniya, matar da kamfanin aikin ya turo, suka zaga filin a 'yar motarsu. Rami arba'in da ɗaya sun tsotse tas, yashi fari sol. Na gaban baranda kuwa ya zama tafki, ruwa har gwiwa. Aka tara ma'aikata a bakinsa.

"Sai a zuba kifi," in ji Dogo. Ba wanda ya yi dariya.

Injiniya ta tsuguna ta sa sanda ta auna zurfin ruwan, ta miƙe tana kaɗa kai. "Sabon bututu dai ba abin da zai toshe shi," ta ce. "Ruwa kuma ba ya hawa tudu. In bai tafi ba, gangarar ce aka juya. Wa ya yi awo?"

"Ni na yi," in ji Auta. "Kuma daidai na yi. Arba'in da ɗayan can, aljanu ne suka auna su?"

"Auta," Baba ya ce a hankali.

"A'a, Yaya, ƙyale ni! Mutum ya zo da takalminsa fes, ko laka bai taɓa takawa ba, ya sa sanda a ruwa ya ce ya gano laifi?"

Manaja ya ɗaga hannu. Shi ma a gajiye yake, idonsa ja, wayarsa sai ƙara take yi a aljihu. "Ya isa haka. A kawo injin jan ruwa, mu lallaɓa har a yi gasa. Bayan nan a tone ramin gaba ɗaya a sake. Kwamiti zai zauna Alhamis da yamma, za su tambaye ni suna, kuma zan ba su." Ya dubi Auta. "Takarda ta uku ke nan. Ka san ma'anarta."

Kowa ya sani. Kora ce.

Yayyafi ya dawo. Baba ya shiga sito ya ciro rigar ruwansa daga jikin ƙusa, rabonsa da ita mako uku. Ya saka, ya zura hannu a aljihu, ya ji wani abu mai tauri. Ya fito da shi. Guntun katako ne da bai fi tsawon cokali ba, an feƙe ƙasansa, an shafa wa kansa jan fenti. Nan take ya gane shi.

Ga yadda abin yake. In an kwantar da bututu, yamma ta yi ba a kai ga haɗa shi da babbar magudana ba, ba a barin bakinsa a buɗe, saboda laka da kwaɗi da ɓeraye. Sai a cusa buhun taki, a tura shi can ciki da sanda yadda ba zai fito ba, a kafa jan turke a ciyawar gefen wurin. Turken shi ne saƙon. Duk wanda ya zo haɗawa, in ya ga turke ya san akwai buhu, ya sa ƙugiya ya jawo shi. In ba turke, ba buhu, a haɗa kawai a binne. Baba ne ma ya kawo wannan tsari, tun Manaja na ɗan makaranta.

Baba da kansa ya cusa buhu a bututun wannan ramin ran nan, ana yayyafi irin wannan. Shi ya kafa turken. Ya je ya wanke shebur, ya kai baro sito, ya dawo ta wurin zai tafi gida, baya na yi masa zugi, hankalinsa na kan hoton da za a ɗauke shi a asibiti washegari. To, shekara talatin da ɗaya ana horar da hannun nan: duk abin da ya ɗago kai a cikin ciyawa, tsinke ne, murfin kwalba ne, guntun waya ne, a tsince shi kafin ya shiga haƙoran inji. Hannun ya kai ƙasa ya yi aikinsa, ya jefa a aljihu, mai hannun bai ma sani ba. Washegari yana layin asibiti su Dogo suka zo, ba su ga turke ba, suka haɗa bututu suka binne, suka shimfiɗa ciyawa a kai, ta kama ta yi kore shar.

Ya tsaya a tsakiyar sito da turken a hannu. Daga waje yana jiyo muryar Auta, har yanzu faɗa yake. Taku goma ne zuwa ƙofa. Fayil fari tas, in ji Manaja, ba shi da wata hujja. Baba ya mayar da turken aljihu. Ya ce a ransa bari ruwa ya tsaya tukuna. Ruwa ya tsaya. Ya ce to bari Manaja ya huce. Haka har aka tashi aiki.

Laraba ta zo da nata. Injin jan ruwa ya yi minti ashirin ya shaƙi yashi ya mutu, a kwance shi a wanke a sake tayarwa, ya sake mutuwa. Suka koma bokiti, hannu da hannu, daga rami zuwa kwata. In sun kusa ganin yashi sai hadari ya haɗo ya mayar musu da aiki baya. Manya na baranda suna nuna ramin da baki, ɗaya har ya ɗauki hoto. Baba na tsakiyar layi yana karɓar bokiti yana miƙawa, kowane juyi sai ya ji shi har cikin haƙori, amma yau ciwon bai dame shi ba. Gani yake ya cancanta.

Da rana suka zauna a rumfar injuna. Auta ya buɗe fulas ɗin shayi, ya raba burodi biyu ya miƙa wa yayansa babban. Tun safe bai yi faɗa da kowa ba, abin da ba a saba gani ba.

"Yaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "jiya ban runtsa ba. Na yi ta auna ramin nan a kaina. Daga wancan baki zuwa wannan taku goma sha biyu, na sauke igiya yatsa huɗu. Na san na sauke. Amma ka ga idon nan nawa, kwanan nan ya fara yi min hazo-hazo, ban dai gaya wa kowa ba. Ko dai ni ne?"

Baba ya ajiye burodin. Rigar ruwan na jikinsa, turken na tokarar cinyarsa.

"Ci abincinka," ya ce.

"In ni ne, ka yafe min. Kai ka kawo ni, na ja maka abin kunya. Ni damuwata ɗaya, kada abin nan ya shafi makullinka."

Kai, da zagi Auta ya yi da ya fi sauƙi! Baba ya kurɓi shayi ya ƙona harshe, ya ce ana jiransu a rami.

Da ya koma gida rana ba ta faɗi ba. Ɗaki biyu ne gidan, fanka na juyawa tana ƙara, 'yarsu na ɗayan ɗakin tana aikin makaranta a kan teburin guga. Ya kwanta rubda ciki, matarsa ta zauna a bakin gado tana murza masa man zafi. Magana ta fi sauƙin fita in fuska na cikin matashi, don haka ya gaya mata duka, tun daga buhu har burodi.

Hannunta ya tsaya. "Wa ya sani?"

"Ni da ke."

"In an tone bayan gasa fa?"

"Ramin za su tona. Buhun na can gaba, taku takwas daga baki, a ƙarƙashin ciyawa. Kafin a kai gare shi an daɗe da sallamar Auta. Ko an gani ma, sai a ce inji ne ya cinye turken."

"Ashe har ka gama tsara komai."

Ya ɗago fuska daga matashi. Can ya ce, "Ke me kika gani?"

"Kada ka ɗora min, Baban yara. Ni ban cusa buhu a ko'ina ba." Ta ci gaba da murzawa, da ƙarfin da ya wuce buƙata. "Amma tunda ka tambaya, Auta na da ƙarfinsa, duk inda ya je zai ci abinci. Kai fa? Ni zan riƙa ɗaga ka zuwa banɗaki, ni da nawa ƙugun. Kana tsammani ba na jin ka da safe kana dafa bango? Ina ji, shiru kawai nake yi." Ta lakato man ta shafa. "In kuma ka yi shiru, ni ce zan riƙa haɗuwa da matarsa a kasuwa ina tambayar ta ya yara. Duk wanda ka zaɓa, a kaina zai ƙare. Juya in shafa gefen."

Ya juya. Ya ga idonta ya cika, ta yi kamar man ne ya shiga.

Alhamis da safe ya tarar da Auta a sito yana kwashe kayan akwatinsa yana zubawa a leda: kofi, tsohon takalmin roba, tawul, ƙullin igiyar awo.

"Me ke nan?"

"Ba zan tsaya a karanta min takarda a gaban mutane kamar ɓarawo ba," in ji Auta. "Zan je in ce masa na amsa, ni na juya gangarar. In na amsa da bakina magana ta mutu, ba wanda zai tono wa ya kawo ni." Ya ƙulle ledar, ya fita.

Baba ya bi shi. Kada wani ya ce jarumta ce. Tsoro ne fal cikinsa, yana tafe a kan tsakuwar hanyar ofis yana jan ƙafa, yana addu'a Allah ya sa Manaja ya fita. Manaja kuwa na nan zaune, taswirar filin a bango bayansa, kusa da ita allon da ake rataye makullai.

"Yallaɓai," Auta ya fara, "na zo ne in ce…"

Baba ya ratsa ta gefensa ya ajiye turken a kan tebur. Ya yi bayani a tsaye, kai a ƙasa, ba ƙari ba ragi. Bai ɗauki minti biyu ba. Shekara talatin da ɗaya, minti biyu suka ishe su.

Manaja ya dafe kai. Auta kuwa baki ya saki, sannan fuskarsa ta washe, har ya fara 'yar dariya. "Kai, Yaya! Turken ka tsince? Wallahi sai kai! Ashe idona lafiya lau!" Ya kama hannun yayansa yana girgizawa, tausayi da murna sun haɗe masa.

"To," in ji Manaja a hankali, yana juya turken a hannu. "Kuskure dai kowa na yi. Wannan zan iya kai wa kwamiti. In ce dattijo ya tuna da safen nan, ya tako da ƙafarsa ya faɗa, ya ceci ƙanensa, ya cece mu tonon rami. Har yabo sai an yi." Ya ɗago ya dube shi ido cikin ido. "Yau ka tuna, ko ba haka ba, Baba?"

Ga hanya an share masa. Ya ce e kawai, shi ke nan. Ya dubi allon makullai, ya gane nasa, mai ɗan koren roba a wuya. Ya dubi Auta da ke riƙe da hannunsa har yanzu. Kwana biyun nan sun fi masa kowane baro nauyi, ya kuma san in ya ɗora wani a kai ba zai sauke ba har ya mutu. Ya gaji, iyakar gaskiyar ke nan.

"Talata," ya ce.

Manaja ya ajiye turken a kan tebur.

"Talata da yaushe?" Auta ne ya tambaya.

"Da safe. Bayan an gama magana a bakin rami."

"Kafin jiya da muka zauna a rumfa."

"Kafin nan."

Auta ya saki hannun.

Manaja ya yi ajiyar zuciya, ya jingina da kujera. "Ka ɗaure min hannu, Baba. Kwana biyu ina ƙona mai a injin can, kwana biyu ana zagina a baranda, saura ƙiris in kori mutum a banza. Ba zan kore ka ba, ba zan iya ba. Amma maganar makulli, ka san ba ni da baki kuma. Dogo za a ba." Ya tura masa turken. "Je ka nuna musu wurin."

Yanka ciyawa a gaban baranda saura kwana biyu gasa, ai babban abu ne. Aka yanka ta murabba'i-murabba'i, aka ɗaga a hankali aka jera a kan buhuna, ana lallaɓa ta kamar mai jinya. Baba ya ɗauki shebur ya shiga tono. Dogo, wanda labari ya riga ya kai masa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, kawo in yi."

"Bari."

"Wallahi ni ban nema ta wannan hanyar ba."

"Na sani. Matsa min in zubar."

Sai da ramin ya kai masa ƙugu sannan bakin shebur ya daki bututu. Aka kwance mahaɗar, ya zura ƙugiya har kafaɗa, ya laluba, ya ja. Buhun ya fito baƙi ƙirin yana wari, ruwa ya biyo shi da ƙarfi ya jiƙa Baba sharkaf. Aka yi maza aka mayar da mahaɗar. Tafkin gaban baranda ya fara ja da baya yana gurnani a cikin ƙasa, kafin awa guda yashi ya bayyana. Injiniya ta taka har inda Auta yake ta ce, "Malam, awonka daidai ne. Ka yi haƙuri." Auta da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, yau ko kai bai ɗaga ba.

Aka cike gurbin, aka mayar da ciyawa, aka daddanna. Daga nan aka kira sauran su je kafa tutoci da igiyoyin gasa, aka bar Baba da abin da ya rage. Ruwan ya tafi ya bar dattin laka a saman sabon yashi, sai an kankare an kwashe, sannan a bi da manjagara. Ya sauka ya yi ta yi shi kaɗai, yana ja da baya yana share sawunsa, layi bayan layi, har rana ta yi sanyi. Saura kusurwa ɗaya, a gindin dogon bangon, ya miƙa hannu zai ja, sai wani abu ya soke shi a ƙugu ya tafi har tafin ƙafa. Ya zube a gwiwa.

Ya gwada tashi, ina! Ya dogara da manjagara, ƙafar dama ta ƙi amsawa. Bango ga shi a gabansa, da ƙyar yake hango ciyawar samansa. Ɓangaren da ke da sauƙin fita yana can baya, taku ashirin, yau kuwa ashirin ɗin sun fi ƙarfinsa. A baranda ana ta hira ana dariya, kofuna na ƙara. In ma wani ya hango shi, zai ɗauka dattijon yashi yake dubawa. Kunya ta hana shi kira. Ya zauna a nan durƙushe, jiƙaƙƙun kaya na manne masa, sanyi na shigarsa.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba kafin inuwa ta faɗo a kan yashin. Auta ne tsaye a saman bango.

"Kwana biyu, Yaya."

"E."

"Na zauna a gabanka ina cewa idona ya lalace, ina ba ka haƙuri. Ni nake ba ka haƙuri!"

"Haka aka yi."

"Ba ka da abin faɗa?"

"Ba ni da shi, Auta. Kujerar nake so. Wallahi ina son ta." Ya sake dogara da manjagara, ƙafar ta ƙi. "Na kasa tashi."

Auta ya dube shi. Ya ja dogon tsaki, ya zaga ta baya ya sauko, yana taka yashin da aka share ba ruwansa. Ya zo ya tsuguna a gabansa ya ba shi baya.

"Hau."

"Mutane na kallo."

"Su kalla. Hau, kuma kada ka yi min magana. Ban huce ba."

Baba ya sa hannu ya rungumi wuyan ƙanensa. Auta ya yi nishi ya miƙe, ƙafafunsa na nutsewa a yashi, ya fita da shi ta gangaren baya. Hirar baranda ta ɗauke. Suka bi gefen ciyawa zuwa sito, dattijo goye da dattijo, Auta na haki, furfurarsa na gogar kuncin yayansa. A haka suka yi rabin hanya.

"Ƙarfe nawa aka ce a fito aiki gobe?" Baba ya tambaya.

Auta ya tsaya cak. "Yaya, ko tsayuwa ba ka iya yi."

"Na sani. Ƙarfe nawa?"

Auta ya gyara goyon, ya ci gaba da tafiya. Sai da ya yi taku da yawa sannan ya ce, "Shida."

"To ka biyo ta gida ka ɗaga ni," in ji Baba. "Ita ba za ta iya ba."